Waiwaye: Haƙƙin Makiyayi a Dajin Sarkin Ingila

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Ingila, Landan suka sani. Su sauka a filin jirgi, su ga likita ko su halarci bikin yaye ɗalibai, su yi tsaraba a kantunan titin Oxford, su komo gida. Idan ka tambaye su yaya ƙasar take, sai su ba ka labarin gine-gine da sanyi da tsadar tasi. Ba laifinsu ba ne, abin da ya kai su ke nan. Amma akwai wata Ingilar ta karkara, mai shanu da jakuna da taɓo da rigimar makiyaya, kuma cikin duk abin da na gani a ƙasar ita ta fi tsaya mini a rai.

Wani ƙanena da ke karatu a Southampton a lokacin ne ya matsa mini. Ya san gidanmu gidan kiwo ne, ya kuma san abin da ke cin ran tsofaffinmu. Ya ce, “Yaya, idan ka koma ba ka ga dajin New Forest ba, to ba ka samo wa su Baba labari ba.” Daga tashar Waterloo ta Landan zuwa ƙauyen Brockenhurst, wanda ke tsakiyar dajin, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a jirgin ƙasa. Lokacin kaka ne, ganye ya fara ja, rana tana saurin faɗuwa.

Abin da ya fara tsayar da ni a ƙasa yake, a bakin hanya. Rami ne mai faɗin titi, an jera bututun ƙarfe a kansa da 'yar tazara tsakaninsu. Mota takan bi ta kai da ƙara, mutum yakan taka a hankali ya wuce, amma dabba mai kofato ba ta yarda ta sa ƙafa. Irin wannan rami yana kan hanyoyin da suka fita daga dajin, yana kuma ƙofar gidaje da yawa. Da muka shiga babban titin ƙauyen sai na ga dalili. Wata goɗiya ce tsaye a gaban kanti da duƙushinta, ba linzami, ba igiya, ba mai kora. Motoci sun yi layi suna jira ta gama abin da take yi, ba wanda ya danna oda. A ƙarshen titin akwai wani ɗan rafi da ya ratsa kwalta, jakuna biyu suna shan ruwa a ciki. A wannan yanki mai gida ne ke katange lambunsa. Idan ya bar ƙofa a buɗe jaki ya shiga ya cinye furanninsa, shi ya jawo wa kansa, ba shi da wanda zai kai ƙara.

Dawakan gajeru ne, irin da muke kira ƙuru, masu kaurin gashi da jimirin sanyi. Baƙo zai ɗauka na daji ne, ba su da mai su. Alhali kowane ɗaya yana da ubangida. Sun kai wajen 5,000, ban da shanu da jakuna da 'yan tumaki, kuma mutum kamar 700 ne ke da su. Faɗin yankin gaba ɗaya ya kai murabba'in kilomita 566 a kudancin Ingila, mafi yawansa a gundumar Hampshire, kuma ba duka ne kurmi ba. Akwai fili fetal mai ƙananan ƙayoyi, akwai fadamu masu damɓa, akwai makiyaya mai gajeriyar ciyawa, sannan ga ƙauyuka a tsakankani.

Haƙƙin kiwon nan a jikin ƙasa yake, ba a jikin mutum ba. Akwai gidaje da gonaki da aka rubuta tun tuni cewa duk wanda ke zaune a cikinsu yana da ikon sakin dabbobinsa a daji. Ka sayi gidan ko ka kama hayarsa, haƙƙin ya zama naka. Ka tashi, ka bar shi a nan. An zana waɗannan filaye a manyan taswirori da ke ajiye a garin Lyndhurst, kowa yana iya zuwa ya duba. Ban da kiwo, wasu gidajen suna da haƙƙin itacen wuta, wasu na sakin aladu da kaka. Akwai ma tsofaffin haƙƙoƙi biyu, na yankar busasshiyar ƙasar fadama don hura wuta da na haƙar wata ƙasa da ake zubawa a gona, waɗanda yanzu ba a amfani da su amma suna nan a rubuce.

Wata dattijuwa da muka tarar tana gyara shingen gonarta ta nuna mini yadda ake gane dabba. Ta sa na tsaya nesa kaɗan, don ba a son baƙo ya taɓa su, ta ce in dubi bayan wata goɗiya. Ga tambarin mai ita nan, an ɗora da ƙarfe mai zafi. Sannan ta ce in dubi wutsiya. An yanke gashin wutsiyar hawa-hawa, ba yankan ado ba, yankan shaida. Jami'an kiwo biyar ne ke kula da dabbobin dajin, an raba musu yankuna, kuma kowannensu yana da irin yankan wutsiyarsa. Wannan yanka shi ne rasit, yana nuna an biya kuɗin shekara na wannan dabba, kamar dai jangalin da kakanninmu suka biya. Daga ƙarshen bazararsu zuwa cikin kaka, jami'an da masu dabbobi sukan hau dawakai su koro garke-garke zuwa cikin shinge, yanki bayan yanki. A nan ake duba lafiyarsu, a ba da maganin tsutsa, a sa wa sabbin duƙusai tambari, a ɗaura wa wasu abin wuya mai ƙyalli don direba ya hango su da dare. Wadda ta rame, jami'in yana da ikon ya ce mai ita ya ɗauke ta ya kai gida ya ciyar. Ingarmu kuwa ba a barinsu a sake. Zaɓaɓɓu kaɗan ake saki na 'yan makonni a shekara, don kada haihuwa ta fi ƙarfin ciyawa. Idan mota ta buge dabba da tsakar dare, jami'in yankin ake bugo wa waya, shi zai fito, kuma yana ganin tambarin ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Duk wannan tsari ba kyauta wani sarki mai tausayi ya ba su ba. Asalin dajin ma zalunci ne. Sarki William, wanda ya zo daga Normandi ta Faransa ya ci Ingila da yaƙi a 1066, shi ya keɓe yankin wajen shekarar 1079 don farautar barewa. Marubutan zamanin sun ce an tashi ƙauyuka an rushe coci-coci. Masana tarihi na baya suna ganin an yi ƙari a labarin, tunda ƙasar ba ta da albarkar noma kuma mutanenta ba su da yawa. Abin da ba a gardama a kai shi ne tsananin dokar. Talaka ba shi da ikon katange gonarsa yadda zai hana barewar sarki shiga, kuma wanda ya kashe barewa yana iya rasa idanunsa. Har karnuka ba su tsira ba: babban kare da zai iya bin barewa sai an datse masa farata uku na ƙafar gaba. A zauren kotun daji ta Lyndhurst akwai wata tsohuwar likkafa ta ƙarfe da ake cewa da ita ake gwada karnuka, wanda ya iya ratsawa ta cikinta a ƙyale shi, wanda ya kasa a datse.

'Ya'yan William biyu a dajin nan suka mutu wajen farauta. Wanda aka fi sani shi ne Sarki William na Biyu, mai laƙabin Rufus, wanda kibiyar wani bafadensa, Walter Tirel, ta kashe ranar 2 ga Agusta, 1100. Har yau ana muhawara ko kuskure ne ko da gangan. Mutanensa suka watse suka bar gawar, sai wani talaka ne ya ɗora ta a keken doki ya kai Winchester. Akwai wani dutse da aka kafa don tunawa da abin kusa da ƙauyen Minstead, an lulluɓe shi da ƙarfe a 1841 saboda masu ziyara suna ɓantararsa. Mun tsaya a wurin, ba wani abin kallo ba ne sosai.

Sauƙi ya fara zuwa a 1217, shekara biyu bayan yarjejeniyar Magna Carta, lokacin da aka fitar da wata takardar yarjejeniya ta musamman kan dazuzzuka da sunan Sarki Henry na Uku, yana yaro. Ta soke kisa da yanke gaɓa a kan barewa, ta kuma tabbatar wa 'yantattun mutane haƙƙin kiwo da itace. Amma gwagwarmayar ba ta ƙare a nan ba, salo ta sake. Da sarakuna suka rage sha'awar farauta sai suka koma sha'awar katako. A 1698 majalisar dokoki ta ba da izinin katange eka 6,000 don shuka itatuwan gina jiragen yaƙi. A Buckler's Hard, wani ƙauye mai layi biyu na gidajen jan bulo da suka gangara zuwa bakin kogin Beaulieu, aka gina jirgin Agamemnon a 1781, wanda shahararren hafsan sojan ruwa Nelson ya taɓa jagoranta, jirgin kuma ya yi yaƙin Trafalgar a 1805. Kowace eka da aka katange don katako, an rage ta ne daga bakin saniyar talaka. A 1851 aka yi dokar kawar da barewa, gwamnati ta karɓi ikon katange ƙarin eka 10,000 a madadinsu. Nan masu kiwo suka ga idan suka yi shiru dajin zai ƙare a hannunsu. Suka haɗa kai da wasu masu filaye da masu son tsofaffin itatuwa, aka yi ta ja-in-ja har aka kai ruwa rana. A 1877 majalisa ta yi dokar da ta ƙayyade cewa ba za a katange fiye da eka 16,000 a lokaci guda ba, ta hana taɓa tsofaffin kurmi, ta kuma juya tsohuwar kotun daji, wadda da take hukunta talaka saboda sarki, ta zama mai tsare haƙƙin masu kiwo.

Wannan kotu, wadda ake kiran mambobinta Verderers, tana nan tana zama kusan kowane wata a Lyndhurst, kuma ita ce abin da na fi yi wa mutanen nan sha'awa. Mutum goma ne. Biyar masu haƙƙin kiwo ne ke zaɓensu, biyar kuma naɗa su ake yi, ciki har da shugabansu da fadar sarki ke naɗawa. Zauren ba shi da girma, ƙahonin barewa a jikin bango, ga wani tsohon akwatin katako da a da mai laifi ke tsayawa a ciki. Yau a wurin ne duk mai magana ke tsayawa. Makiyayi ko mai otal ko mai yawo da kare, kowa yana iya zuwa ya karanta kukansa a bainar jama'a, a rubuta, a ba shi amsa. Hukumar gandun daji ta gwamnati, wadda ke riƙe da ƙasar, idan tana son ta yi wurin ajiye motoci ko sansanin 'yan yawon buɗe ido a kan makiyaya, sai ta nemi yardar wannan kotu. Ko da aka mai da yankin gandun shaƙatawa na ƙasa a 2005, ba a taɓa ikonta ba.

Da muka shiga cikin kurmin sosai na ga aikin da dabbobin ke yi. Ƙarƙashin manyan itatuwa a share yake, kana hango nesa, kuma ganyen ƙasa-ƙasa duk ya tsaya a tsayi ɗaya, daidai inda bakin doki ke kaiwa. Ciyawar fili a gajarce take ƙwarai, ba injin da ya bi ta kai. Da hunturu, idan ciyawa ta ƙare, dawakan sukan koma cin ƙaya da ganyaye masu tsini. Masana tsirrai sun tabbatar cewa akwai ƙananan furanni da ƙwari da tsuntsaye masu sheƙa a ƙasa da ba za su rayu ba idan aka janye dabbobin, don sarƙaƙiya za ta rufe filin cikin 'yan shekaru. Wato kyan da mutane ke biyan kuɗin jirgi su zo ɗauka a hoto, makiyayi ne ya yi shi, shi da dabbarsa, shekara ɗaruruwa.

Mun kuma ci karo da aladu, da zobe a hanci don kada su tone ƙasa da yawa. Ni dai na ja gefe na ba su hanya, amma dalilin sakinsu ya burge ni. Da kaka itacen ok yakan zubar da 'ya'yansa, kuma ɗanyunsu guba ne ga doki da saniya idan suka ci da yawa, alhali alade ba sa yi masa komai. Saboda haka ake sakin aladun na aƙalla kwana 60 su share ƙasa. A ƙarni na 19 dubbai ake saki, yanzu 'yan ɗaruruwa ne. Can kusa da Lyndhurst akwai wani tsohon itacen ok da ake kira Knightwood, ya haura shekara 500, kaurin gindinsa ya wuce mita bakwai. An sare kansa ne don ya yi rassa da yawa a sama inda dabba ba ta kaiwa, dabarar samun itace ba tare da kashe bishiya ba. Dokar 1698 ta hana wannan sara saboda sojan ruwa miƙaƙƙen katako suke so.

Sauran ƙauyukan mun ratsa su ne a gurguje. Beaulieu tana da kufan gidan ibadar da Sarki John ya kafa a 1204 da gidan tarihin motoci. A Minstead aka binne Arthur Conan Doyle, marubucin labaran Sherlock Holmes. Inda na daɗe shi ne maƙabartar cocin St Nicholas a Brockenhurst, inda sojojin New Zealand 93 ke kwance. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an mai da ƙauyen asibitin sojojin da aka kwaso daga fagen fama a Faransa, da farko 'yan Indiya, daga baya 'yan New Zealand. Har yau akwai titi a ƙauyen mai sunan Meerut, wani gari a Indiya.

Tun a jirgin komawa hankalina ya tafi gida, kuma har yau idan aka yi maganar manoma da makiyaya sai dajin nan ya faɗo mini. Ba ina cewa mu kwafo tsarinsu ba ne. Dabbobinsu dubbai ne, namu miliyoyi. Su ruwa yana sauka musu kusan duk shekara, mu wata uku zuwa biyar ne. Makiyayinsu yana zaune wuri ɗaya, namu dole ya bi ruwa da ciyawa. Amma tushen abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Muna da burtali da makiyaya da mashaya, kuma da kowane yaro a ƙauye ya san inda suka fara da inda suka ƙare. Muna da arɗo da dagaci da mai unguwa da ke zama a kan ɓarna kafin ta zama jini. A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. Abin da ya faru shi ne da yawa daga cikin wuraren ba a kammala tabbatar da su a hukumance ba, iyakokinsu suka tsaya a bakin dattawa, dattawan kuma suka mutu. Manomi ya ci ɗan taƙi bana, ya ƙara baɗi. Mai kuɗi ya zo da takarda daga birni ya kewaye abin da ya rage. Makiyayi ya iso da garkensa ya tarar hanyar da ubansa ya bi ta zama gonar masara, ba shi da taswirar da zai nuna, ba shi da zauren da zai tsaya a saurare shi. Shi ma manomin da aka cinye wa amfanin shekara cikin dare ɗaya bai san shanun wa ba ne, bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Mutum biyu da kowannensu ke da gaskiyarsa, aka bar su da adda da sanda. Dazuzzuka irin su Rugu, da aka san su da kiwo, yau da sunan 'yan bindiga ake ambatonsu.

Darasin da na ɗauko shi ne haƙƙin da ba a rubuta ba, ba a kuma ba shi wurin kai kuka ba, ƙarfi ne ke cinye shi, komai daɗewarsa. Kuma haƙƙi yana tafiya da nauyi: mai dokin New Forest yana biyan kuɗin shekara, yana sa tambari, yana ɗauke dabbarsa idan aka ce ya ɗauke. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗan yi gaba a nan. Dokar ƙasar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, waɗanda daga baya suka kai har matakin ƙauye, sannan dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa yawon makiyayi da dabbobinsa haƙƙi ne. Ba a ce rigima ta ƙare a can ba, amma a wurare da dama an bi burtali an kafa masa duwatsun shaida, manomi da makiyayi suna tsaye. Ƙaramar hukuma a Katsina ko Jigawa ba ta buƙatar jiran Abuja kafin ta yi irin wannan, tun sauran tsofaffin da suka san iyakokin suna raye.

Kada kuma a ɗauka mutanen New Forest sun huta. Ko da an ƙayyade gudun mota a mil 40 cikin awa a hanyoyin da ba su da shinge, duk shekara motoci suna kashe dabbobi gommai, galibi da duhun hunturu, kuma wasu direbobin ba sa tsayawa. Masu yawon buɗe ido suna ba dawakai karas da burodi, dabba ta saba da tsayawa a bakin titi tana jiran hannu, har a 2023 aka sa tara a kan ciyar da su ko shafa su. Amma babbar damuwarsu gida ne. Kyan dajin ya jawo masu kuɗi daga Landan suna sayen gidajen ƙauye don hutun ƙarshen mako, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Haƙƙin kiwo yana jikin gidan, sabon mai gidan kuwa ba ruwansa da doki, sai haƙƙin ya kwanta. Kiwon kansa ba ya ciyar da iyali, yawancin masu yinsa suna da wani aikin, kuma dole mutum ya mallaki ɗan fili a bayan gida inda zai kawo dabba idan ta yi ciwo ko sanyi ya tsananta. Ƙungiyar kare haƙƙin masu kiwo, wadda aka kafa tun 1909, ta daɗe tana kuka a kan wannan, har aka fito da wani shiri na ba wa masu kiwo na gaske izinin gina gida da sharaɗin ba za a sayar wa wanda ba ya kiwo ba. Gidajen da aka gina ta wannan hanya kaɗan ne. Dattijuwar da ta nuna mini yankan wutsiya ta ce ɗanta ya iya aikin tun yana ƙarami, yana da tambarinsa, yana da goɗiyoyinsa a daji, amma haya yake yi a wani gari a wajen dajin, kullum sai ya tuƙo mota kafin ya zo ya duba su.